Kaza Ba Yaji

Ni mutum ne mai son yaji, kuma ba na ɓoyewa. Matata takan ce da ana zuba yaji a shayi da na zuba. Saboda haka ranar da na buɗe robar abincina a ofis na tarar da kaza fara fat, kamar wadda aka dafa wa majinyaci, sai da na ja tsakin da ya sa abokin aikina ya ɗago kai.

Wurin da nake sayen abincin irin na zamani ne, wanda ba sai ka sauka daga mota ba. Ka bi layi, ka tsaya gaban wani akwatin ƙarfe mai ramuka, ka faɗi abin da kake so, wata murya ta amsa daga ciki. Ka matsa taga ta farko ka biya, a taga ta biyu a miƙo maka leda. Akwatin nan kuwa tun ranar farko na yanke masa hukunci cewa ya lalace. Ba abin da ke fita daga cikinsa sai wani zuzu kamar ƙuda a gwangwani. Ni dai nakan sauke gilashi in ce, "Soyayyar shinkafa, kaza mai yaji, ruwa ɗaya," in ja mota in yi gaba. Makon farko komai ya zo daidai. Daga mako na biyu ne kazar ta fara zuwa fara.

Na fara zuwa wurin ne wata biyu bayan rasuwar mahaifina, domin a da lokacin azahar nasa ne. Baba yana zaune a Badarawa, ni ina Unguwar Kanawa. Yana da gyambon ciki, likita ya hana shi yaji, don haka matata ke dafa masa nasa daban. Don kada a rikita kulolin, 'yata ta manna filasta a kan murfin tasa ta rubuta BA YAJI da manyan baƙaƙe. Shekara shida ina ɗaukar kular nan kowace rana, a cikin tsohuwar motarsa da ya bar mini tun da ya daina tuƙi. Mutane suna ta sa mini albarka. Abin da ba su sani ba shi ne ban cika yin minti goma a ɗakinsa ba.

Kunnen Baba ya ƙarasa mutuwa a shekarun nan shida. Da farko ina ɗaga murya, daga baya na gaji. Na koma nuni da hannu: ga abinci, ga magani, na tafi. In baƙo ya shigo ya gaishe shi bai amsa ba, sai in juya in ce, "Ku yi haƙuri, ba ya ji." A gabansa nake faɗa, yana zaune a kan buzunsa yana kallona. Wata rana bayan baƙi sun fita ya ce mini, da muryar nan tasa mai ƙarfi ta wanda ba ya jin kansa, "Wannan kam na gane ta. A bakinka nake ganinta. Ita kaɗai kake faɗa a ɗakin nan." Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Kana yaro ni ma haka nake ce wa mutane a kanka." Na yi murmushin yaƙe, na nuna masa agogo, na fita. Ranar ƙarshe da na gan shi da rai ya riƙe hannun rigata yana son ya gaya mini wani abu. Ina da mitin ƙarfe biyu. Na nuna masa agogo.

To, kaza ta zo fara sau ɗaya, na ce kuskure ne. Ta zo sau biyu, na tsaya a taga na yi musu tatas. Yaron tagar yana ta motsa baki a ciki-ciki, irin na yaran yanzu da ba su iya buɗe baki su yi magana ba, ya dai miƙo mini yaji a ƙaramar leda na tafi. Karo na uku ban kai ofis ba. Na faka a gindin wata bishiya na buɗe ledar don in kama su da hujja. Suna manna takardar oda a kan murfin roba, injin ya buga abin da ka saya da Turanci. Na duba, kaza mai yaji ce a rubuce, daidai yadda na faɗa. Amma a ƙasa wani ya rubuta da baƙar maka, irin biron nan mai kaurin baki, da manyan baƙaƙe a haɗe: BAYAJI.

Robar tana kan kujerar gefe, daidai inda kular Baba ta yi shekara shida tana zama har ta bar shaida a jikin soso. Carbinsa yana rataye a madubi, ban taɓa cirewa ba. Rana tsaka ce, motoci suna wucewa, masu Keke suna ta kutsawa, amma sai na lura titin ya yi wani irin shiru, kamar an rufe garin da bargo. Na daɗe ina kallon rubutun nan. Ban ci abincin ba.

Na yi karatun addini daidai gwargwado, na san mamaci ba ya dawowa. Na gaya wa kaina haka sau da yawa. Amma wa ya san Baba a wurin nan? An buɗe shi ne bayan ya kwanta ciwo, bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Ni kuma ban taɓa furta kalmar nan a gaban akwatinsu ba. Sai na yi dabara irin ta ma'aikacin gwamnati, na ce bari in gwada. Ranar Laraba na ari motar matata na je. Kaza ta zo jawur, yaji har hanci, takarda ba rubutun kowa. Ranar Alhamis na koma da motar Baba. Kafin in buɗe ledar na riga na san abin da zan gani, kuma shi na gani.

Daga nan abubuwa suka yi ta taruwa. Ladanin masallacinmu, wanda muryarsa ke tashin unguwa, sai na ji kamar ya koma kiran salla daga can ƙetaren kogi. Tsuntsayen da ke damuna a bishiyar mangwaron gidanmu suka yi tsit, ga su ina ganinsu suna tsalle a reshe. A ofis aikina rubuta bayanan mitin ne, kuma shekara ashirin ba a taɓa dawo mini da takarda ba. A watan nan darakta ya dawo mini da ita sau biyu da jan biro, wai na tsallake abin da aka yanke. Na ce a raina mutanen nan ne suka koma magana kamar masu gulma.

Wata Asabar na ɗauko 'yata daga islamiyya. Tana shiga motar ta toshe kunnuwa da hannu biyu ta ce, "Abba, rediyon nan fa! Kamar lokacin Kaka." Na duba maɓallin. Yana can ƙarshe, inda Baba ke murɗa shi a shekarunsa na ƙarshen tuƙi. Ni na san na rage shi da hannuna ranar da na karɓi motar, kuma ban tuna ranar da na mayar da shi ba. Na kashe rediyon, muka iso gida ba wanda ya ce uffan, ko kuma ta yi magana ni ban sani ba.

Ban gaya wa matata ba, don na san za ta ce in je a yi mini addu'a, ni kuma ba addu'ar nake gudu ba, tambayar da za ta biyo baya nake gudu. Na je maƙabarta ranar Juma'a, na tsaya a kan kabarin Baba na yi masa addu'a, na nemi gafara. Na sayi buhun shinkafa na bayar sadaka da sunansa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Abin da ke cina shi ne maganar nan da ya riƙe rigata zai faɗa. Na ɗauka ita ce take bina, tunda na hana ta fita.

Litinin na koma, ina cewa ai yanzu an rabu. BAYAJI. A nan tsoron ya juye ya zama fushi, wanda dama shi na fi iyawa. Na faka motar a karkace, na ɗauki robar, na shiga ciki, karo na farko tun da nake zuwa. Na dangwarar da ita a kan kanta na ce a kira mini manaja. Ya fito, wani mai ƙiba da taye, na nuna masa takardar na ce, "Wa ke rubuta wannan? Yau sai na ga mai hannun nan."

Ya shiga ya fito da wata yarinya siririya mai ɗan hijabi, da abin magana a kunnenta. Ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta dubi takardar ta dube ni, ta ce wani abu.

"Buɗe baki ki yi magana!" na ce.

Sai ta zagayo kantar ta tsaya a gabana sosai, ta cire abin kunnen, ta bari ina ganin fuskarta. Ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, ba tsawa.

"Baba, ni ce na rubuta."

"Wa ya gaya miki ba na cin yaji? Wa ya aiko ki?"

Ta sake duban takardar, ta dubi kazar, sai ta dafe baki. Ta juya ta yi wa wani mai farar hula a kicin magana, shi ma ya leƙo ya riƙe kai. Ta ciro baƙar makar nan daga aljihu, ta ja layi biyu a tsakiyar kalmar, ta juyo mini da ita. BA, YA, JI.

"Wallahi Baba ba yaji nake nufi ba. Don yaron taga ta biyu nake rubutawa, ya san zai ɗaga muku murya, kar ku ga kamar ya raina ku. Ashe 'yan kicin su kuma suna cire yaji. Ku yafe ni."

Ta ci gaba, har yanzu a hankali. Ta ce kullum in na tsaya a akwatin takan gaishe ni, ta maimaita odar, ta tambaye ni ko a ƙara wani abu, wani lokaci har sau uku, sai ta ga mota ta wuce. Da farko ta ɗauka kunnen uwar shegu nake yi mata, irin na manya. Daga baya ta gane, domin kakarta haka take. Motar take ganewa a kyamara, shi ya sa ranar da na zo da wata ba ta rubuta ba.

Na yi ta maza na ce, "Akwatinku ne ya lalace. Ni wa ya ce miki ba na ji?"

Ta sunkuyar da kai, sannan ta tuna ta ɗago don in ga bakinta. "Baba, tun ɗazu manaja yana bayanku. Sau uku yana cewa ku zauna."

Na waiwaya. Yana tsaye da kujera a hannu.

Sun ce za su canza mini abincin, na ce su bar shi. Na koma mota na zauna, na buɗe robar na cinye kazar nan tas, fara, ba ɗanɗano, irin wadda Baba ya yi shekara shida yana ci shi kaɗai. Ba fatalwa, ba aljani, amma ban ji sauƙi ba ko kaɗan. Da fatalwar ce da sadaka ta kore ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yarinyar nan ta zagayo ta tsaya a gabana. Bai ɗauke ta minti biyu ba, kuma na ji duk abin da ta faɗa. Ni ban taɓa zagayowa na tsaya a gaban Baba haka ba.

Daga baya na je asibiti, likita ya gwada ya ce abin yakan bi jini, ya rubuta mini na'urar da ake maƙalawa a kunne. Kafin ta iso sai da aka yi makonni. A cikin makonnin ne, wata ranar Lahadi bayan la'asar, ina zaune a falo ina duba jarida, na ga inuwa a kan takardar. Na ɗago. Wani maƙwabcinmu ne a tsaye da babban ɗana, ya ɗan rusuna, hannunsa a ƙirji, da alama ya jima da yin sallama yana jiran amsa. Kafin in buɗe baki ɗana ya juya wajensa, ya yi ɗan murmushin ban haƙuri, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

Ban ji ko harafi ɗaya ba. Amma na gane ta, a bakinsa na gan ta.