Ɓarawon da Ya Ci Tuwonmu

A shekarun da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihu, har aka rufe ofishin 'yan sandan unguwarmu, ina haya a unguwar Small Heath tare da wani abokina Bazazzagi, dukanmu ɗalibai. Makullin ƙofar gidan ya lalace tun kafin mu tare. Ko yaro ya jingina da ita sai ta buɗe. Mun yi wa mai gidan magana har bakinmu ya gaji, kullum amsa ɗaya: "Next week, brother." Ni kuwa ba abin da na tsana irin a kira ni ɗan'uwa ana cutata.

Wata Lahadi bayan la'asar na tuƙa tuwo da miyar kuka. Ina fitowa daga kicin sai ga mutum tsaye a falo, fes da shi. Muka haɗa ido, ya yi sallama. A Small Heath ko mai sayar da giya ya iya sallama, amma wannan tunanin sai daga baya ya zo mini. Na ɗauka baƙon abokina ne. Abokina ya sauko, ya ɗauka nawa ne. A gidajen da aka rene mu kuwa ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai ya ci ya sha. Muka zuba masa, ya ci da cokali, ya nemi ƙari. Har cinyar kazar da na ɓoye wa kaina na tsamo masa, kuma ita ce ta fi yi mini ciwo har yau.

Ya tambayi banɗaki, muka nuna masa sama. Shiru, shiru. Abokina ya hau dubawa, suka yi kiciɓis a matakala, mutumin rungume da kwamfutocinmu. Ɓarawon ya bangaje shi ya fice. Abokina ya gangaro, ƙafa ta karye, aikin da yake yi a wani kanti yana rufa wa kansa asiri shi ma ya tafi. Ya rantse sai mai gida ya ɗauki alhakin ƙafar nan.

Muna da wata yaya 'yar Jos da ke aiki a ofishin lauyoyi a Manchester. Muka hau mota, shi da sandunansa, muka same ta ta dawo daga coci. Ta ce in dai mai gida ya san makulli ya lalace ya ƙi gyarawa, to akwai magana. Muka nuna mata saƙonnin da muka sha tura masa, ta ji daɗi.

"To yaya ya yi break in?" in ji ta.

Na ce, "Ai Anti, sallama ya yi."

"Sai kuka yi me?"

"Sai muka zuba masa tuwo."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye. "Ƙannena, insurance ɗin landlord cewa za su yi ku kuka yi inviting ɗinsa. Wa zai yarda ɓarawo ne bayan kun ba shi second plate?"

Na ce ko a bar zancen tuwon a gefe. Abokina ya harare ni. "Ni ba zan tsaya gaban kowa in musa na ciyar da baƙo ba."

Haka kuwa aka yi, 'yan inshorar mai gida suka faɗi abin da ta ce za su faɗa, ƙafa ta tashi a tutar babu. Sai dai mai gida ya tsorata da jin an je wajen lauya, a satin ya sa sabon makulli har da sarƙa.

Wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofar bayan gyaran, na leƙa ta bayan sarƙa na ce, "Wane ne? Wajen wa ka zo?" Ashe kawun abokina ne, dattijo, ya taso tun daga Manchester dubiya, ruwan sama na dukansa, da ledar lemo a hannu. Ya dube ni ta 'yar kafar ya ce, "Ɗana, yanzu har mu ake tambaya?"

Na cire sarƙar da sauri, kunya ta hana ni ɗaga kai.