Kunnen Malam Sha'aban

Duk wanda ya taɓa noman rani a yankin Gezawa ya san Malam Sha'aban mai gyaran inji, ko bai taɓa ganinsa ba ya ji labarin kunnensa. Ɗan ƙauyenmu ne, Tudun Gawo. Ya tafi Kano yana saurayi, ya shekara ashirin da biyu a ɗakin wutar wata masaƙa, da aka rufe ta ya tattaro sifanoninsa a buhu ya dawo gida. Gajere ne, mai saurin hawa, kuma ba ya ƙaunar a yi magana in inji na aiki. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In ka kuskura ka yi tari a lokacin, ranar za ka ji tarihin kakanninka.

Ni ne Sabo, maƙwabcinsa, kuma ni ne na ɓata masa suna. Gara in faɗa tun yanzu.

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoma ta haƙa rijiyar burtsatse, mun sayo wani tsohon janareta na soja a gwanjo. Ƙato ne, kore, mai shan gas, ƙararsa kuwa har ƙauyen da ke gaba da mu ana ji. Shi ke ba da wuta ga sumo, wato famfon da ke can cikin rijiya, wanda ke cika tankin gari ya kuma shayar da gonakin albasarmu. Malam Sha'aban ne ya tashe shi bayan kowa ya ce kuɗinmu sun tafi a banza. Shi ya koya mini cewa wutar janareta tana da bugu irin na zuciya, wanda makanikai ke kira firikwensi, kuma dole ya tsaya a hamsin. In gudun inji ya ragu, bugun ya ragu, sai sumo ya yi ta nishi yana ɗaukar zafi har ya ƙone. Allurar da ke nuna wannan bugu a mace ta zo mana, don haka da kunne ya saita shi. Da aka aro na'urar awo daga birni aka jona, hamsin cif ta nuna. Mako guda ana labarin a majalisa, shi kuwa yana ta hura hanci.

Shi ya ce a ba ni makullin ɗakin injin, wai ba ni da rawar kai. Ya nuna mini wani maɓalli mai murɗawa da ke ƙara gudu ko ragewa, ya ce in kunna, in kashe, in duba mai, amma wannan ko da wasa kar in taɓa.

Shekara biyu ban taɓa ba. Sai ga shi a tsakiyar bazara Allah ya yi wa Malam Abdulmumini rasuwa, malamin da ya koya wa rabin garin karatu, har da ni. Gidansa katanga ɗaya ce tsakaninsa da ɗakin injin. Aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida, mutane na ta zuwa daga Bacirawa da ko'ina. A kashe inji ba zai yiwu ba, albasa na tsakiyar shan ruwa, ga baƙi na neman na alwala. A bar shi kuma, mai gaisuwa sai ya ɗaga murya kamar a kasuwa, ana addu'a ba a san inda za a ce amin ba. Duk sanda injin ya yi ruri, sai idanu su juyo kaina. Kunya ta ishe ni. Na tashi na shiga na murɗa maɓallin nan baya sau biyu. Ƙarar ta lafa, na dawo tabarma ina jin na yi abin kai, har wani dattijo ya sa mini albarka.

A kwanakin Malam Sha'aban na da aikin injin casar shinkafa a Rimin Gado, da sassafe yake fita, sai bayan la'asar ya dawo. Kafin ya iso na mayar da maɓallin inda yake. Haka na yi rana ta biyu. Sai ƙorafi ya fara: mata suka ce tanki ba ya cika, manoma suka ce ruwa ba ya kai ƙarshen fangali.

Ya zo ya saurara, ya ce hamsin yake ji. Amma bai ƙaryata kowa ba. Ya ce matsalar da ke zuwa tana tafiya ita ce muguwa, ya tuɓe rigarsa. Ya canza filta. Ya juye gas ɗin tanki kaf a jarka yana neman ruwa a ciki, bai samu ko ɗigo ba. Ya fitar da iska daga bututun mai, ya wanke nozul masu fesa mai ɗaya bayan ɗaya, ya kwance gwamna, abin da ke riƙe gudun inji kar ya hau kar ya sauka, ya zuba wa sifirin ɗinsa ido ya fi rabin awa. Ni nake miƙa masa sifana. Wallahi duk notin da ya kwance sai in ji kamar a ƙirjina yake kwancewa, amma na kasa buɗe baki, domin na san halinsa, kuma zai yi mini tas a gaban baƙi.

Rana ta huɗu ya bar aikin Rimin Gado ya wuni a ɗakin. Ban taɓa komai ba, ruwa ya yi ta ambaliya, masu makoki suka wuni suna magana da ihu saboda ƙara. Da yamma ya dube ni ya ce, "Sabo, tsakaninka da Allah, ko wani na taɓa maɓallin nan?"

Na ce, "Babu mai taɓawa, Malam."

Ya gyaɗa kai, bai sake tambaya ba. Ya ce to sifirin ne ke sakewa in ya ji zafi, zai shiga Kano ya nemo wani.

Ranar addu'ar bakwai ya tafi. Ranar ce kuma jama'a ta fi yawa, malamai har da na birni. Na riga na yi wa kaina alkawarin na daina, amma da liman ya ɗaga hannu zai fara addu'a, ya dubi katangar ya sauke, sai ƙafata ta kai ni. Wannan karon sau uku na murɗa. Wajen azahar ruwa ya ɗauke ɗif, wayar da ta sauka cikin rijiya tana ƙaurin roba. A gaggauce na mayar da maɓallin, ban ko ƙirga ba.

Mai unguwa Hashimu ya hana kowa taɓa injin, ya kirawo wani injiniya daga birni. Aka tayar, aka jona na'ura a gaban jama'a, ta nuna arba'in da shida. Malam Sha'aban ya ce tun kafin a jona ya ji gudun ya yi ƙasa, kuma ba haka ya bar shi ba. Wani ya ce ai yanzu da aka nuna masa dole ya ji. Aka yi dariya. Injiniyan ya ce cikin ladabi, kunne na tsufa kamar yadda ido ke yi. Ina tsaye a wurin, makulli na aljihuna, na sunkuyar da kai.

Kafin a samo wani sumo kwana goma sha ɗaya suka wuce, albasar gari ta ƙone a fangali. Mutane sun yafe asarar, amma ba su ƙara kai wa Malam Sha'aban aiki ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shi ma ya yarda. Tunda mu biyu ne masu makulli, kuma ya riga ya tambaye ni da Allah, sai ya yanke cewa kunnensa ne ya ci amanarsa. Ya daina karɓar ko injin markaɗe. Ya koma sayar da man juye a kwalabe a ƙofar gida, mutumin da a da ake aiko masa da mota.

Shekara biyar muna gaisawa safe da yamma. Bara ya fara yanar ido, hannunsa ma ya soma karkarwa. Wata hantsi na tsaya da babur ɗina a ƙofarsa, na tarar yana sallamar wani baƙo da ya zo daga nesa da matsalar inji, yana ce masa ya nemi wani, shi kunnensa ya mutu tuntuni. Baƙon na juyawa, Malam ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Bawul ɗin injin babur ɗinka ya buɗe, kai shi a ɗaure." Jiya-jiya bakanike ya faɗa mini haka, bayan ya kwance kan injin.

Na kashe babur na durƙusa a gabansa, na faɗa masa komai, tun daga tabarmar makoki. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ɗago kai ya tambaye ni.

"Sau nawa ka murɗa?"

"Biyu, Malam. Ranar bakwai uku."

Leɓensa ya motsa yana lissafi. "Uku zai kai shi arba'in da ɗaya. Dole ya ƙone." Ya kai hannu ya shafa kunnensa na dama a hankali. Sannan ya juya wajen zaure ya ƙwala wa matarsa kira, ta fito da ludayi a hannu.

"Sadiya, kin ji? Ba ni ba ne."

Fuskarsa cike da murna, kuma murnar nan ita ta fi kashe ni. Halimatu Sadiya ta dubi idanunsa da suka yi fari, ta dubi hannuwansa da ke karkarwa a kan gwiwa, sannan ta dube ni. Na gaishe ta.

"Yanzu da ka faɗa," in ji ta, "da wane hannun zai riƙe sifanar?"