Saniyar Baffa ta Rishikesh

Masu cewa Adda Barira ta je Indiya bautar gumaka, ku matso. Ni ƙanwarta ce, ni zan gaya muku abin da ya kai ta.

Baffanmu makiyayi ne a Kwandere. Da ɓarin jikinsa ya shanye, aka sayar da shanun, muka dawo da shi Lafiya. Adda ma'aikaciyar gashin ƙashi ce. Ta samu gurbin wata uku a garin Rishikesh don koyon yoga. Burinta ɗaya: Baffa ya sake takawa.

Kullum da hantsi tana kira ta bidiyo daga bakin titi, ni na riƙe masa waya. Ta ce ya ɗaga hannu, ya ja numfashi. Ya ƙi. Wai shi ba ɗan rawa ba ne.

Wata rana ya ce, "Ke, kauce. Mene ne a bayanki?"

Farar saniya ce kwance tsakiyar titi. Keke irin namu na zagaye ta, mai shayi na korar biri daga kan teburinsa.

"Ta waye?"

"Ba ta kowa ba ce, Baffa."

"Saniya ba mai ita? Wane irin gari ne wannan!" Ya ƙura ido. "Dubi cikinta. Leda ta ci. Nemo mata kanwa."

Adda ta karaɗe kasuwa, ba wanda ya san kanwa. Ta sayi gishiri da ganye. Sai ta kafa masa sharaɗi: "Ɗaga hannu sau biyar, in nuna maka ita."

"'Yar banza," in ji shi. Ya ɗaga.

Biyar ta zama goma. Wallahi ranar da ya karɓe wayar ya riƙe da kansa, fita na yi na yi kuka.

Saura kwana tara ta dawo, ya rasu bayan azahar. Tambayarsa ta ƙarshe gare ni, "Farar ta ci kuwa?" Kafin magariba an kai shi.

Washegari Adda ta turo min bidiyo, ba magana. Hannunta kawai, farar saniyar na lasar gishiri a tafinsa.

Ta dawo da takardar shaida, da tabarmar roba da ta saya masa. Tana nan a naɗe bayan ƙofa. Ba wanda ya warware ta.