Lambar da Ke Jikin Allon Shagon Kawu

Har yau ban manta da wata Talata ba, ranar kasuwa, a hutun da na taya Kawu Sani aiki a shagonsa na kwamfuta a Mafara. Ina aji biyar na sakandare, aikina jera takardu da miƙa su. Intanet ɗin shagon daga wata ƙaramar na'ura yake fitowa, ana ce mata rauta, tana ba duk wanda ya san kalmar sirrinta.

Da hantsi wata mata ta zo daga Birnin Tudu da ɗiyarta Hafsatu, za a yi mata rajistar jarrabawar shiga jami'a. Ranar za a rufe, kuma dole su juya kafin la'asar, don ba mai bin hanyar da yamma. Sau huɗu Kawu yana tura hoton Hafsatu, yana maƙalewa a rabi.

"Malam, ko ba ta da rabo ne bana?" in ji uwar.

"Haba Inna, sabis ne. Ƙara haƙuri."

Ni kuwa ina kallon waje. Na lura duk ɗan acaɓan da ya tsaya a gindin dalbejiya sai ya ɗaga kai ya dubi allon shagonmu, sannan ya duƙufa kan waya. Ba komai a allon sai suna da lambar wayar Kawu. Na daɗe ina juya maganar, don ban saba gyara wa babba ba. Da na kai masa ruwa na ce a hankali, "Kawu, kalmar sirrin nan, lambarka ce?"

Ya dube ni, ya leƙa allon. "Subhanallahi! Ashe ni na rubuta masu da fenti."

Ya buɗe shafin rautar, wayoyin baƙi sun cika shi, su suka janye sabis ɗin. Ya sa doguwar kalma mai haruffa manya da ƙanana da lambobi, ya kuma canja kalmar shiga shafin rautar, wadda ba a taɓa ba tun daga kamfani. Hoton ya tafi nan take.

Wani ɗan acaɓa ya leƙo yana dariya. "Alhaji, an toshe muna ke nan?"

"Bari ɗiyar mutane ta gama, ja'iri. In saƙo gare ka, kawo in tura maka."

Ana kiran azahar Hafsatu ta sa takardarta cikin hijabi, suka hau babur.

Kawu ya zaɓi lambarsa ne don kada ya manta. Ranar na gane cewa kalmar da ta yi wa mai shago sauƙi ta yi wa kowa sauƙi, kuma wanda yake cutuwa shi ne wanda ya zo daga nesa.