Kunnen Hagu na Jalilu Osumanu

Duk yaron da ya tashi a unguwar Nima ya san ƙarar jirgin sama tun kafin ya san alif, domin filin jirgin ba nisa, idan babba ya tashi har kwanon ɗaki sai ya amsa. Yara kan ɗaga kai su yi masa ihu, su koma wasansu a bakin gwata. Jalilu Osumanu ne kawai yakan tsaya baki buɗe har jirgin ya ɓace. Ubansa tsohon sajan ne na ’yan sandan Turawa, bai san wata hanyar tarbiyya ba sai bel. Da bel ya kora Jalilu makarantar boko, da bel ya raka shi har ya shiga sojan sama ya koyi tuƙi. Jalilu ya sami ilimin, ya kuma gaji saurin hannun tsohon, wannan ko masoyansa ba sa musu.

A tsakiyar shekarun saba’in ya tuɓe kaki, gwamnati ta ɗauke shi mai jarraba matuƙa. Shi ke zagaya wuraren koyon tuƙi ya ga me ake koyarwa, shi ke hawa jirgi da ɗalibi ya zauna a kujerar dama, ɗalibin na hagunsa. In ya ce ka ci, ka sami lasisin ɗaukar fasinja. In ya ce ka faɗi, ko ubanka ne minista sai ka koma ka sake koyo. Aiki ne da ba ya tara wa mutum masoya, amma Jalilu na son sa fiye da abinci. Matarsa Zelia takan ce ran da aka hana shi tashi sama, ran nan za a yi masa sutura.

A jarrabawar akwai wurin da kowa ke tsoro. Jirgin mai inji biyu ne. Ana cikin tafiya lafiya, sai mai jarrabawa ya miƙa hannu ba sanarwa ya rage wa inji ɗaya wuta, kamar ya lalace. Ɗalibi zai gane wanne ne ya mutu, ya riƙe jirgin da mai ran. Jalilu ba ya gaggawa. Sai ya bari ka saki jiki, har ya tambaye ka lafiyar mutanen gida, sannan hannun ya tafi.

A shekarar tamanin da biyu aka kawo masa Abukari, ɗan Amama mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Maamobi. Tun bayan Jalilu ba a sake samun ɗan Zongo, unguwannin Hausawa da sauran baƙi, da ya kai wannan matsayi ba, saboda haka tun kafin jarrabawa unguwa ta fara kiran yaron Kyaftin. Har a masallaci ana tare Jalilu, wanda ake kira Masa, wato maigida, ana cewa, "Namu ne fa, Masa."

Suna saman teku Jalilu ya rage wa injin dama wuta. Jirgin ya karkace. Abukari ya daburce, gumi ya keto masa, ya kai hannu zai kashe injin hagu, wanda shi kaɗai ke riƙe da ransu. Jalilu ya doke hannun da ƙarfi har yatsa ya goce, ya karɓe tuƙi. Da a nan ya tsaya, da babu mai ganin laifinsa. Amma jinin sajan ya motsa, ya bi yaron da mari da bayan hannu, leɓe ya fashe. Suka sauka. Jalilu ya ce Abukari ya faɗi, ya je ya sake koyo ya dawo.

To, zamanin nan kuwa ƙananan sojoji ne ke riƙe da gari. Kofur na iya kwantar da uwar wani a kasuwa ya zane ta, ba mai tambayarsa. Wan Abukari, Awudu, kofur ne.

Ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci, motar soja ta tsaya a bakin kasuwar Nima. Jalilu na tafe da farin kaftani, darduma a kafaɗa. Awudu ya diro da abokansa, ya tare shi.

"Masa, kai ne mai marin mutane a sama?" in ji Awudu. "Yau ka sauko ƙasa."

Gindin bindiga ya fara sauka a ƙirjinsa. Suka kayar da shi cikin ruwan kifi da ɓawon albasa, suka bi shi da takalma a haƙarƙari, a baya, a ciki. Wani ya fasa kwalba a jikin mota, ya danne kansa da gwiwa ya shiga aske shi da ita, gashi na fita da fata, jini na gangarowa cikin idonsa. Mutanen da ɗazu suka haɗa kafaɗa da shi a sahu suna tsaye suna kallo. Wasu tsoro ya riƙe su, wasu kuwa, abin kunya, a ransu cewa suke ya ɗanɗana. Abukari ma na can jikin motar, yatsa a ɗaure, kai a sunkuye.

Awudu ya sa aka ɗago shi a durƙushe.

"Litinin za ka koma ofis ka ce ƙanena ya ci."

Jalilu ya tofar da jini. "Bai ci ba. Marin, na yi laifi, ka rama. Amma in na ce ya ci, mutane zai kashe. Ya koyo ya dawo."

Awudu ya zagaya bayansa, ya buɗe tafukansa biyu, ya haɗa su a kunnuwan Jalilu lokaci guda da iyakar ƙarfinsa. Ya sake maimaitawa. Jalilu ya ji wani abu ya fashe can cikin kansa, kasuwar ta juya, ya kife. Zelia ce ta ratso taron ba mayafi ta faɗa kansa, ta ce sai dai su haɗa da ita. Suka zuba mata bel biyu a baya, suka hau mota suka tafi.

Haƙarƙari ya ɗinke, gashi ya tsiro inda zai iya tsirowa. Kunnen dama ya dawo. Na hagu ya daina zubar da ruwa, Jalilu ya ce ya warke, ya koma aiki kafin lokacin ganin likitan matuƙa ya zagayo. Zelia ba ta yarda ba. Ta sha tsayawa a hagunsa ta kira shi, yana ta shan kokonsa.

"Baban Fusena, kunnen nan ya mutu koraa, kwata-kwata," ta ce masa.

Ya daka mata tsawa ta bar maganar. Tsoro ne fal cikinsa, domin ya fi kowa sanin doka: matuƙin da ba ya ji sosai ba ya tashi da jirgi. Shi da kansa ya sha sauke wasu a kan abin da bai kai wannan ba.

Bayan watanni sunan da aka fara kawo masa shi ne na Abukari. Ya sake koyo, ya dawo, kuma shi ya roƙa a ba shi Jalilu. Suka shiga jirgi da hantsi, suka ɗaura bel. Ba a tayar da inji ba tukuna, wurin tsit. Jalilu na duba agogunan gabansa, sai ya waiga hagu ya ga bakin Abukari na motsi. Yaron ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa, hawaye na bin kumatunsa, yana jiran amsa. Tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, kuma Jalilu bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya tuna cewa a kujerar nan duk abin da ɗalibi zai faɗa ta wannan gefen zai zo, ko da cewa zai yi wuta ta kama. Sai ya kwance bel ɗin.

"Wani zai jarraba ka," ya ce. "Ni na faɗi."

Ya sauka ya taka har ofis da ƙafa, ya gaya musu da bakinsa cewa kunnensa na hagu ya mutu. Bai sake tashi da jirgi ba.

Ya ƙarasa aikinsa a ƙasa, yana duba darussan makarantun tuƙi, har ya yi ritaya a shekarun casa’in. Zelia ba ta yi masa sutura ba, amma ta ce rabinsa ne ya dawo gida ran nan. Abukari ya ci jarrabawa a hannun wani, ya zama kyaftin na gaske, yakan aiko da gaisuwa. Fusena, ’yar Jalilu, ta taɓa tambayar uban me Abukari ya ce masa a cikin jirgin. Ya ce bai sani ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Jirgi ya taso daga filin, tsohon ya juya masa kunnen dama.