Hayaƙin Albarushi a Layi na Uku

Har gobe ban manta da ranar da Alhassan ya rasa aikinsa ba. Ku sababbi a aikin nan, ku matso ku ji.

Ƙarshen shekarar korona ne, an fara sassauta kulle. Ina jami'in tsaro a wani kulob ɗin harbi da ke wajen Doha, Alhassan kuma, ɗan Zangon Kumasi, yana kula da layi, wato shi ke tsayawa bayan mai harbi ya karɓi bindiga in an gama. Dokar gidan ɗaya ce tak: wanda ya juya bakin bindiga ga mutum, ko da kansa ne, ya bar aiki. Shi kuwa aikin nan ne ke riƙe da mahaifiyarsa.

Da la'asar wani dattijo Balarabe ya zo da tsohuwar fistol mai gidan harsashi shida, irin wadda ake ɗura wa albarushi da dalma da hannu. Sha'awarsa ke nan. Babu kowa sai mu. Ya harba, farin hayaƙi ya fito ya tsaya a iska, ya ƙi tafiya, hasken rana yana ratsa shi a hankali. Ƙamshin ya shigo ta cikin takunkumina. Wallahi sai na ga gonar gyaɗarmu, na ji kakana yana korar birai da bindigar toka. Kewar gida ta kama ni. Na dubi Alhassan, idonsa a lumshe, yana murmushi.

Dattijon ya miƙa masa fistol ɗin. A can ƙauyukanmu, maharbi in ya harba bindigar toka yakan hura bakinta don ya kashe sauran wuta, tunda harbi ɗaya gare ta. Wannan kuwa, cikin gida shidan nan ɗaya ya ƙi tashi, wutar tana ci a ciki, ba wanda ya sani. Alhassan ya ɗago ta zuwa bakinsa, ya tsaya jan takunkumi ƙasa.

Na ce, “Alhassan, ƙasa!”

Ya kauda ita, ta tashi, dalmar ta shige rufi.

Dattijon ya roƙi mudir, wato manajan wurin, ya ce laifin tsohuwar bindigarsa ne. Mudir ya kalli hoton kyamara, ya ce, “Khalas,” wato magana ta ƙare. Ban ga laifin mudir ba, amma na ji zafi ƙwarai.

Na raka Alhassan ɗakinsa a Industrial Area yana haɗa kaya. Ya ce, “Yaya, ni fa lokacin ba a Doha nake ba. Ina bayan Baba a daji, ya miƙo mini in hura. Shekara goma da rasuwarsa, ranar ce kaɗai na gan shi sarai.”

To ga abin da na koya. Mai tsoron bindiga ba ya ba ni wahala. In kun ga fuskar ɗan'uwanmu ta yi laushi da jin albarushi, ku kira sunansa da ƙarfi, don hankalinsa ya tafi gida.