Sandar Orval Dykstra

Shekara talatin da huɗu Orval Dykstra ya yi yana riƙe sandar baya ta sarƙar awo a filin ƙwallon Amurka na kwalejin garinsu, can arewacin jihar Iowa. Litinin zuwa Juma'a yana aiki a injin niƙa abincin dabbobi. Ran Asabar kuwa, in kaka ta kama, sai ya sa rigarsa mai ruwan lemo ya tsaya a bakin layi. Ladansa kofin kofi ne da burodi da naman alade a hutun rabin lokaci.

Aikin ba wuya a ido. Sarƙa ce mai yadi goma, da sanda a kowane baki. Alƙalin gefe zai dangwala dunduniyarsa daidai da ƙwallo, Orval ya kafa sandarsa a wurin, abokin aikinsa ya ja ɗayar gaba. Masu ƙwallo sai sun kai ta sandar gaba cikin yunƙuri huɗu, in ba haka ba su miƙa wa abokan karawa. An ce a wasu filayen, in 'yan gida ke da ƙwallo, sandar kan ɗan zame baya da taƙi guda, hanya ta rage musu. Orval bai taɓa koyon wannan ba.

Ranar da kwalejin ƙetaren kogi ta zo, saura minti biyu a tashi, 'yan gida na ƙasa da maki uku, ƙwallo kuma na hannunsu. Brent Haugen, shugaban wasannin kwaleji, ya zo ya tsaya bayan Orval, hannu a aljihu.

“Baba Orval, ƙasar nan da santsi yau, ko?”

“Ni dai ban ji ba, ɗana,” in ji Orval, ya kafa sanda inda dunduniya take.

Da aka gama yunƙuri na huɗu aka shigo da sarƙa tsakiyar fili aka auna. Ƙwallo ta gaza da faɗin yatsa biyu. Mutum dubu da ɗari biyar na kallo 'yan gida suka sha kashi.

Ran Litinin a shagon kofi wani manomi ya ɗaga murya: “Ga waliyyinmu nan! Orval, nawa ne faɗin yatsa biyu?” Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Ran Laraba Haugen ya bugo waya. Ya ce kwaleji ta damu ƙwarai da gwiwoyinsa, lokaci ya yi da zai huta.

“Gwiwoyi!” in ji matarsa Marlys. “Mutumin da ya hau rufin gareji jiya? Ba ni wayar.”

“Bari, Marlys.”

“Ba zan bari ba! Da ruwa da ƙanƙara kana tsaye musu. Ranar jana'izar yayanka ma daga maƙabarta ka wuce filin nan.”

Asabar ta gaba suka je kallo. Sai da Orval ya tambayi wata mata ƙofar 'yan kallo, don bai taɓa bi ta nan ba. Suka hau bencin ƙarfe mai sanyi, Marlys ta shimfiɗa musu bargo. Daga sama filin ya zama ɗan ƙarami, bayansa gonakin masara ana girbi. Makaɗa suna ta kiɗa da busa, mutanen da ya san iyayensu suna wucewa suna duban wani gefe.

Sandarsa tana hannun Kyle, ƙanin matar Haugen. Orval bai kalli wasa ba, sandar yake kallo. A karkace take, sarƙa na jan ƙasa. Sau biyu ya ga ta zame, ya yi gyaran murya kawai. Dab da hutu 'yan wasa suka yo gefe a guje. Mai riƙon sanda kan yar da ita ya kauce, amma ba wanda ya gaya wa Kyle. Suka bangaje shi, aka ɗauke shi yana dafe da idon sawu.

Sai ga Haugen yana hawo matakala yana haki.

“Baba Orval, taimaka mana. Rabin nan na biyu kawai.”

“Au, gwiwoyin sun warke ke nan?” in ji Marlys.

Orval ya riga ya ture bargon daga cinyarsa. Ya dubi Haugen, ya yi magana a hankali.

“Zan zo. Amma inda dunduniyar alƙali take, nan zan kafa.”

Haugen ya ɗaga kai ya dubi allon maki. 'Yan gida na ƙasa da maki shida. Ya shafa ƙeya.

“Ka ga, zauna abinka, Baba, kada mu wahalar da kai. Za mu samu wani.”

Ya sauka da sauri fiye da yadda ya hawo. Marlys ta buɗe baki, Orval ya dafa hannunta. Suka zauna har aka tashi. 'Yan gida suka ci da maki ɗaya, aka kaɗa ƙararrawar kwaleji, kowa ya miƙe yana tafi ban da su biyu.